Guɗar da Ba ta Inna ba

Ni dai karatuna bai yi nisa ba. Malam yac ce kaina na da kyau, bakina ne yaf fi kan gudu. Baba kuwa yad duba yag ga jakai tsaye a turke babu mai kora, sai yaɗ ɗauke ni daga allo yam miƙa mini sanda. Tun daga nan ni da hanyar Konni: in kai goro da zannuwa, in komo da gishiri da kanwa. Lokacin ba a daɗe ba da Nasara sunka raba ƙasa, sunka tara duwatsu cikin daji sunka ce daga nan na Ingilishi, daga can na Faransa. Jakaina har yau ba su lura ba.

Yayana shi yar riƙe karatun gidanmu. Ya sauke, ya shiga littattafai, har Malam na ba shi ƙanana shi biya musu. In ka gan shi zaune a zaure, kai ƙasa, murya ƙasa, sai ka ce ko ƙuda ba shi iya korawa. To bari a yanke gero a miƙa mishi sandar ƙodago. Nan za ka ce musanya shi anka yi.

Don wanda bai san wasan ba: ƙodago shi ne ƙwallon cikin goriba, in an gaigaye ta tas. Sandar kuwa mai lanƙwasa ce a baki, ta geza ko ta aduwa. Samari su kasu biyu a fili, kowane ɓangare na son kora ƙodagon shi wuce tsakanin turame biyu da anka aje a ƙarshen abokan karawa. Turamen na matan gari ne, aro akan yi. Mace kuwa ba ta ba samari aron turminta ta koma ɗaka, ta san halinsu, tsayuwa takan yi kusa da abinta. Daga nan al'adar tat taso. In ƙodago ya shige, masu turame su ke yin guɗa, kuma guɗar nan ita ce ci. Ko ɗanta anka ci dole ta yi, in ta ƙi matan gari su hana ta sakat a bakin rijiya. Ba mu da wani alƙali bayan su. An yi guɗa, an ci. Ba a yi ba, ku ci gaba da gudu.

Kowace kaka manyan ɗaliban makarantu kan kara da juna: tamu ta Illela, ta Araba, ta Lafani, da na wasu ƙauyuka. Wadda anka ci ta koma ga karatunta, har a rage biyu a yi karon ƙarshe. Malamai ba su zuwa kallo, wai ba girmansu ba ne. Amma ranar wasa in ka leƙa zaure sai ka iske Malam riƙe da littafi, kunnenshi na bayan gari.

Abin yaf faro ne daga karon ƙarshe na wata kaka, a filin bayan gidanmu, mu da Araba. Babban ɗan wasansu ɗan kawunmu ne, taubashinmu ke nan, wani dogo mai ƙafafu irin na zalɓe. Tun muna ƙanana shina kiranmu bayinshi, muna kiranshi bawanmu. Ranar an yi ta gumurzu har inuwa tay yi tsawo babu wanda yac ci wani. Sai Yaya yas samu ƙodago, yak kauce ma wannan, yak kauce ma wancan, yad daka. Ɗaya daga turamen da yan nufa na Inna ne, tana tsaye kanshi. Tun ƙodagon na hanya tak kama hanci tas saki guɗa. Shi kuwa ƙodagon yad daki gindin turmi, yay yi waje, yash shige cikin kara. Ni na gani, duk Illela ta gani. Amma guɗa in ta fita ba a maida ta ciki.

Dogon yar rugo shina haki. “Gwaggo, mi kinka yi ma guɗa?”

Inna tac ce, “Ci.”

“Ina cin? Ga ƙodago can cikin kara!”

“To ni da nag gan shi tahe, niyyarshi ta shiga ce.”

“Gwaggo, niyya sallah ce?”

“Kai, tahi can. Ubanka ma bai ja da ni ba.”

Hakanan anka tashi, Illela ta ci. Ranar mun yi murna, ba zan yi ƙarya ba. Amma tun daga kashegari murnar tak koma ma Yaya ciki. Duk inda yab bi sai a ce ga wanda innarshi tac ci mishi. Yara na ganinshi su kama hanci. Har kasuwar Konni wani mai gishiri yat tambaye ni wai gaskiya ne uwarmu na ba da aron guɗa, don shina da shari'a gaban alƙali. Ni ma ban bar shi ba, ƙane ne ni, aikina ke nan. In ya ɗauki buta in ce, “Yaya, ka kai ga alwalar ko niyya kay yi, in kira Inna?” Da farko shikan jefo ni da takalmi. Daga baya yad daina jifa, sai shi wuce abinshi. Nan nas san abin ya kai inda ya kai.

Da damina taz zo, Baba da Malam sunka shirya magana: in an gama kaka Yaya za shi Sakkwato karatu wurin wani babban malami. Can kuwa ba a riƙe sanda sai ta dogarawa. Wasan kaka mai zuwa ke nan shi ne nashi na ƙarshe. Wata safiya ina ɗaure kaya bisa jaki yaz zo yak kama mini igiya, abin da bai saba ba.

Yac ce, “Ka san ni ba na biɗar komi.”

Nac ce, “Madalla, to sakar mini igiya.”

“Guɗa guda nike so kafin in tahi. Wadda ba ta Inna ba.”

Na so in ce wani abu, bakina har ya buɗe, sai nad dubi fuskarshi nam maida shi. Ba kasafai nikan yi haka ba.

Kaka tay yi, anka fara. Munka fidda Lafani, Araba sunka fidda na ƙauyuka, anka sake rage mu da su. Nan gardama tat tashi kan wurin da za a yi. Araba sunka ce ko da kuɗi ba su sake taka filin Illela. Namu sunka ce su ma ba su zuwa Araba, don sun san akwai ramuwa tana jiransu a bakin turmi. Magana tay yi tsawo har tak kai ga malamai. Malam da malamin Araba sunka zauna, sunka daɗe, sunka fito da hukunci: ba Illela, ba Araba. Akwai wani fako tsakanin garuruwan biyu, kusa da duwatsun Nasara, ba gonar kowa ba ne, ba bayan gidan uwar kowa ba ne. Can za a yi, ranar Alhamis da ba karatu.

Kowa yac ce kai, ilimi ilimi ne. Yaya yaf fi kowa murna, ranar har ƙarin tuwo yay yi. Babu wanda yat tambaya wa za shi zo.

Ni ne bakin makarantarmu. Ba ni cikin masu buga ƙodago, don in na riƙe sanda ƙafar mutane taf fi nema, amma shela da kirari da tsokanar abokan karawa duk nawa ne. Sai nash shiga gari tara mutane. Naf fara da mai furar bakin kasuwa, wadda ba a taɓa wasa babu ƙwaryarta ba.

Tac ce, “Fako? In ɗauki ƙwarya har fako in sayar ma wa, gafiya?”

“Ai mutane za su zo.”

“In sun zo ka aiko.”

Naw wuce wurin tsofaffin dakalin masallaci, waɗanda ke tsine ma wasan duk shekara kuma su riga kowa zama a gaba. Nad durƙusa nag gaishe su nac ce musu ga rana ga wuri.

Ɗayansu yac ce, “Da inuwa?”

“Akwai wata 'yar aduwa, Baba.”

“Ta mutum nawa?”

“In kun matsu, ta ishe ku ku biyu.”

“Rijiya fa?”

“Baba, kallo za a je, ba zama ba.”

“To a yi kallo lafiya.”

Na gida ma bai taimake ni ba. Baba na jin inda za a yi yad daina ƙirga goro yad dube ni. “Ku tara ƙatti da sanduna a gindin duwatsun Nasara? In sojan Faransa masu jar hula na Konni sun hango ku, ko su ce yaƙi ne, ko su ce ga masu aikin hanya sun kawo kansu.” Lokacin kuwa can ƙetare ana kama maza aikin tilas, kowa ya sani. A zaure yaf faɗi maganar, amma kafin la'asar ta zagaye gari, har an ƙara mata bindiga.

Inna kuwa fushi take, don ta san saboda ita anka yi hukuncin. Tac ce turminta ba shi zuwa daji, ita ma ba ta zuwa. Maƙwabta sunka ce in ita ba ta je ba su mi za su je yi. Wannan bai dame mu ba. Munka ce ai matan Araba na nan tahe da turamensu, su da ke son ramuwa. Yaya ma yac ce hakan yaf fi, tasu guɗar shike so. Abin da ba mu sani ba, su ma can haka sunka ce: ai matan Illela ba su iya zama gida, suna nan tahe.

Ranar Alhamis bayan azahar munka kama hanya. Na ɗora salkar ruwa da sanduna bisa jakai, ina gaba ina kirari. Da munka fita gari ina ta waiwaya ko wani zai biyo mu. Wasu yara sunka raka mu har ƙarshen gonaki sunka koma.

Fakon dai Allah ya yi wuri. Shimfiɗe, tauri, ba kututturen kara, ba rami, kamar matan gari sun kwana suna daɓe. Munka iske 'yan Araba sun riga mu, suna tsugune gindin aduwar, su kaɗai, kowa ya ɗora sanda bisa gwiwa.

Dogon yam miƙe yal leƙa bayanmu. “Bawana, ina mutanenku?”

Nac ce, “Suna tahe. Ina naku?”

“Suna tahe.”

Munka zauna jiran masu tahowa. Wani hankaka yaz zo yad duba mu yat tashi. Can nesa wani Bafillace na kiwon shanu. Da rana tak karkata Yaya yac ce a fara, masu zuwa su iske mu. Ba turame, sai wani ɗan Araba yan nufi tarin duwatsun Nasara za shi ɗebo. Anka daka mishi tsawa baki ɗaya. Nac ce, “Kai, aje! Ka ɗauke dutse guda ka maida kawuna Bafaranshe?” Ƙarshe anka sauke mangalolin jakaina anka aje a wannan gefe, anka tara takalma a wancan.

Ban taɓa ganin Yaya ya yi wasa irin na ranar ba. Ƙodago na bin sandarshi kamar an ɗaure. Amma wurin shiru, har abin ya ba ni tsoro. Ba ka jin komi sai ƙwas-ƙwas na sanduna da hakin ƙatti. Nay yi kirari, muryata tat tahi ba ta iske kowa ba. Tsokana ma ta ƙi daɗi, don in ka ce ma mutum ƙafafun zalɓe babu mai dariya, sai ka ga zagi ne kawai kay yi.

Ba a jima ba Yaya yak kutsa yad daka. Ƙodago yab bi tsakanin mangaloli, tsakiya sosai, ko makaho ya ji shigarshi. Kowa yat tsaya cik, namu da nasu, munka juya muna jira. Jikinmu ya saba, in an buga irin wagga sai kunne shi buɗe. Babu komi. Jakina yak kaɗa kunne. Nan ne, ba kafin nan ba, kowa yat tuna mi ke sa ci shi zama ci.

Nad dubi Yaya, sanda a hannu, baki buɗe. Nac ce a raina ba a yi haka da ni ba. Nak kama hanci nas saki abin da Allah yab ba ni.

Abin da yaf fito, ni kaina ban san sunanshi ba. Shanun Bafillacen sunka ɗaga kai. Dogon yaz zube ƙasa shina riƙe da ciki. “Wayyo ni! Bara uwa, bana ƙane! Baɗi kuma Baba za ku kawo?”

“Guɗa dai anka ce, an yi.”

“Guɗar ƙato mai gashin baki? Wallahi ba a taɓa ci da ita ba, ba a farawa kaina.”

Anka yi ta musu. Wani yac ce a kira shaida. Nar ruga wurin Bafillacen naj jawo shi. “Baffa, don Allah, ka ga ƙodagon nan ya shiga?”

Yad dube mu ɗaya bayan ɗaya. “Ni dai na ga kuna ta gudu. Mi yak koro ku?”

Anka koma wasa don ba abin yi. Yaya yas sake ci, yak kuma sake. Tun 'yan Araba na musu har sunka daina, in ya shiga sai su ɗauko ƙodago su kawo tsakiya da kansu. Su ba su ci ko ɗaya ba. Da rana tay yi ja anka tashi, kowa yab biɗi takalminshi cikin tari yak kama hanyar gida.

Munka shigo gari dab da magariba. Da a filinmu ne, da yanzu kalangu na gaba, yara na baya. Ranar sai wata akuya. Tsofaffin na kan dakali suna jiran kiran sallah.

“An yi?”

Nac ce, “Mun ci, Baba! Kaca-kaca!”

“Madalla. Wa tay yi guɗa?”

Da an bar ni da na san abin da zan ce. Sai wani sakarai cikin namu yan nuna ni da sanda.

Ba sai na faɗi sauran ba. Wanda ya san Illela ya san kafin a idar da sallah labarin ya kai kowane gida. Ni abin bai dame ni ba, har matan unguwa na tare ni su ce in yi musu su ji. Yaya ne. Da ana ce mishi wanda innarshi tac ci ma, yanzu an koma mai cin fako, wanda jakai sunka shaida.

Dogon dai, duk da bakinshi, ba maƙaryaci ba ne. Malaminsu yat tambaye shi yaf faɗi gaskiya, yac ce ƙodago ya shiga ba sau ɗaya ba. Malamin yay yo aike, Malam yat tara ɗalibai yac ce to, shaidar abokin karawa ta fi guɗa ƙarfi, Illela ta ci, magana ta ƙare. Ɗalibai sunka yi murna. Nas samu Yaya bayan gida shina fere wata sanda da ba ta bukatar fira.

“To ai ga shi. Malamai biyu sun sa baki. Ɗauki abinka ka tahi Sakkwato.”

“Wa yag gani?”

“Ni.”

“Ban da kai.”

“Allah.”

Yad daina fere sandar, don wannan ba shi musuntuwa. Can yac ce, “Tashi ka raka ni zaure.”

Gaban Malam yad durƙusa yac ce shina roƙon a maida cin, a sake karawa, kuma a filin Araba, da turamen Araba. Malam yar rufe littafinshi.

“Ka san in sun ci ku, na fako ya tashi?”

“Na sani, Allah gafarta Malam.”

“Kuma cin ba naka ba ne kai ɗaya. 'Yan'uwanka fa?”

Nan ne aikin yaz zama. Wasu sunka ce su ba su maida abin da sunka sha rana kanshi. Yaya yab bi su ɗaya ɗaya, ni kuma ina bayanshi ina tambayar kowa ko ya samu wadda tay yarda da labarin fako cikin 'yammatan unguwarsu. Babu wanda yas samu. A haka sunka sauko. Baba da yaj ji yac ce shi tun da shike kasuwa bai taɓa ganin wanda anka sallama ma kaya yac ce a sake ciniki ba, amma bai hana ba. Inna tac ce daman tana son gano ɗan'uwanta a Araba. Yaya yad durƙusa har ƙasa. “Inna, don girman Allah ki zauna gida.” Tad dube shi, tay yi tsaki, tac ce to ni in karɓo mata gyaɗa wurin kawu.

Ni anka aika Araba. Dogon na jin saƙon yat taɓa mini goshi. “Bawana, rana ce tab buge ku a fako?” Da yag ga da gaske ne yad daina dariya. Yac ce, “Ce mishi shi zo. Amma ba ni raga mishi.” Nac ce ai ba wanda yar roƙe shi.

Araba ta fi fako nisa daga gare mu, kowa ya san haka. To ranar wasan kusan duk Illela ta kwashe. Ban yi shela ba ko sau ɗaya. Mai fura ta riga mu isa, har ta kama gindin wata tsamiya. Tsofaffin dakali ga su bisa jakan aro. Baba ma yac ce shina da mai binshi magana can, yab biyo. Ai Araba akwai inuwa, akwai rijiya, kowa na da gwaggo ko suruki da za shi sha ruwa gidanshi. Nac ce ma mai fura, “Ban aiko ba kinka zo.” Tac ce, “Matsa, kana tare mini masu saye.”

Filin nasu kuwa, Allah shi sawwaƙe. Gangare, ga kututturen dawa, ga ramukan gyaɗa, ga mutane sun matso har ba ka sanin inda fili yaƙ ƙare. Matan aure na leƙe ta saman darnin kara na gidajensu. Amma ana fara bugawa wurin yaɗ ɗauka, ihu ta ko'ina, nac ce ma dogon ƙafafun zalɓe, gari guda yay yi dariya har da kawu.

Su sunka fara ci. Guɗar da anka yi musu sai da tsuntsaye sunka bar tsamiya. Sunka ƙara. Namu sunka fara hararar Yaya. Shi kuma wani ya sauke mishi sanda bisa ɗan yatsan ƙafa, shina ɗingishi, rana na ta sauka. Na fara shirya abin da zan ce ma mutane a hanya.

Sai ƙodago yaf faɗo gabanshi kusa da tsakiya. Dogon yat taso ya ware ƙafafu za shi tare. Yaya yat tura shi ta tsakaninsu, yaz zagaya, yas same shi a baya, yaɗ ɗaga sanda yad daka da duk abin da yar rage mishi. Ƙodagon yab bi tsakanin turame, bai taɓa ko ɗaya ba, yah huda darnin da ke baya yaf faɗa gidan mutane. Munka ji wata tukunya ta amsa.

Wuri yay yi tsit. Masu turamen nan mata biyu ne na Araba, wata tsohuwa da haƙoranta sunka ƙare, da wata ƙaƙƙarfa mai goyo. Sunka dubi juna.

“Yi mana.”

“Ke yi, ta wajen naki yab bi.”

“Ni mura nike.”

Yaya na tsaye da ƙafa ɗaya, bai dubi kowa ba sai su. Tsohuwar tay yi tsaki, tak kama hanci, tay yi wata 'yar guɗa gajera, kamar an taka ɗan tsako. Tas saki hancin tag goge hannu a zane.

Sai wata murya daga bayan darni: “Haba, Iya! Gaban baƙi? A koma Illela a ce abin da munka iya ke nan?” Kafin ka ce mi, darnin nan gaba ɗaya ya ɗauka. Ba don Yaya sunka yi ba, don kar a raina su ne, amma sun yi ta, doguwa, har da mai tukunyar da taf fashe.

Bayan nan ba a ƙara cin kowa ba. Anka tashi Araba ta ci, cin fako ya tahi. Dogon yaz zo yad dafa kafaɗar Yaya yac ce bawa dai bawa ne, amma ta tsakanin ƙafafun nan bai yafe ba.

Ƙafar ta kumbura, sai naɗ ɗora shi bisa jaki, buhun gyaɗar Inna na bayanshi. Namu 'yan wasa sunka yi gaba suna ƙunƙuni.

Nac ce, “Yaya, an fa ci mu.”

“Na sani.”

“Ta tsohuwar nan ma guɗa ce? Ni tawa ta fi ta.”

“Rufe mini baki. Kuma daina korar jakin nan, ina kake sauri?”

Nas sassauta. Mutanen Illela masu komawa sunka fara cim mana. Tsohon nan mai tambayar inuwa yam matso da jakinshi, shina ba na kusa da shi labari, ya ɗaga sandar dogarawa sama. “Yat tura ta ƙarƙashin dogon, ka gane, yaz zagayo, sai yay yi haka!” Yak kai ma iska duka, saura kaɗan shi sauka ƙasa, sai da nat tare shi.

Yaya yag gyara zama bisa jaki, yad dubi tsohon. Yac ce, “Baba, ban ji farkon ba. Ƙaƙa anka yi?”